Tun da na zubar da fenariti a fainal gabana ke faɗuwa in zan shiga fili, me zan yi?

Lamba9_Taura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya daɗe yana cina ban san wa zan gaya wa ba, gara a nan tunda ba wanda ya san fuskata.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Taura, shekarata 22, da damina noma nake yi da rani kuma ina taya yayana zama a shagon cajin waya. Ni ne lamba tara a kulob ɗin garinmu tun ina aji uku a sakandare. Da babbar sallar da ta wuce aka sa gasar kofi tsakanin garuruwan mazaɓarmu, ƙungiya takwas, a filin firamare, Allah ya sa muka kai fainal. Ranar duk garin ya fito, mata na leƙe ta katanga, yara sun ɗare kan darbejiya, babanmu da bai taɓa zuwa kallon bal ba har benci aka kawo masa ya zauna. Ana ɗaya da ɗaya saura kamar minti uku a tashi aka kwashe min ƙafa a cikin yadi na 18, rafali ya busa. Ni nake buga mana fenariti dama, a tirenin in na buga goma da ƙyar ɗaya za ta kuɓuce. Amma da na ajiye bal ɗin na ja baya sai na ji kamar an toshe min kunne, hayaniyar ta koma can nesa, bakina ya bushe ƙamas, ragar ta zama 'yar mitsitsiya golan ya cika ta. Na yi niyyar hagu ƙasa, ina cikin gudu na canja shawara, bal ta tashi ta haye turke ta faɗa bayan ajujuwa. Da aka zo bugun raba gardama na ce ba zan buga ba, suka cinye mu.

Yau wata biyar kenan amma wlh kamar jiya. Babanmu bai ce min uffan ba, tashi kawai ya yi ya nufi masallaci kuma har yau bai tayar da maganar ba, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. In na bi ta bakin kasuwa yara sai su nuna sama su ce ga ta can, a teburin mai shayi da an fara hirar bal sai an sako ni, ina taya su dariya amma in na koma ɗaki barci ya gagara, in ta ganin bal ɗin nan tana tashi. Yanzu in muna da wasa tun daren jajibere cikina ke ɗurar ruwa, da safe in zaga bayi sau uku sau huɗu, in na shiga fili ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo, har ɓuya nake a bayan ɗan bayansu don kar a ba ni fasin. Sau biyu na yi wa koci ƙarya na ce idon sawuna ke ciwo. Majalisa ma na rage zuwa, abinci ba ya min daɗi, ran nan ƙanwata ta yi min 'yar magana na daka mata tsawa har ta yi kuka, abin da ban taɓa yi ba.

Wani abokina ya ce in riƙa haɗa tramol guda ɗaya da lemon ƙara kuzari kafin wasa wai zuciyata za ta dake, ban sha ba tukuna amma gsky ina tunanin abin. Innarmu kuma ta ga na rame ta ce hannu aka sa min. Tambayata, wannan sammu ne ko ragwanta ce ko ciwo ne? Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita? Bal ita kaɗai ce abin da in ina yi nake jin ni ma wani ne, ba na so in bari.

Abu_Garki

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ni dai kar ka raina maganar Inna, mun ga ana binne abu a bakin raga da tsakar dare kafin fainal, da idona na gani ba labari ba. Ka riƙe azkar na safe da yamma, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ka daina kwanciya ba alwala. Sannan ka cije ka yi ta maza, bal ɗaya ba za ta kwantar da namiji wata biyar ba. Tramol kam kar ma ka kusance shi, samari biyu ya lalata a layinmu, ɗaya yanzu ko gona ba ya iya zuwa. Allah ya yaye maka.

Mahaucin_Ɓaɓura

Yaro sannu. Ɗana ne ya karanto min maganarka, na ce ya zauna ya rubuta abin da zan faɗa don ni yatsuna ba su saba da waya ba. Ni mahauci ne a ƙasar Ɓaɓura, fawa gado na yi dambe ma gado na yi, na kai shekara sha biyar ina sa zare, in kaka ta yi aka gama yankan gero mu ne gari-gari, Kazaure, Gumel, har tsallaken iyaka cikin Nijar.

Zan gaya maka abin da da ƙuruciyata ko wuƙa aka sa min a wuya ba zan faɗa ba. Ban taɓa shiga fili cikina bai kaɗa ba, ko sau ɗaya. Mai kalangu na kaɗa takena, ina zagaya fili hannu a sama ina kirari, jama'a na cewa wannan zuciyarsa dutse ce, alhali gwiwata rawa take a cikin wando. Kirarin nan da kake ji rabinsa da abokin karawa muke, rabi kuma zuciyarmu muke lallashi. Duk ɗan damben da ya ce maka ba ya jin komai kafin turmin farko, ko ƙarya yake ko ya sha wani abu.

Ni abin da ke saukar min da hankali ɗaurin zare ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya koya min in ɗaura a hankali iri ɗaya kullum, kowane zagaye in ja numfashi in sake, kuma kar in ɗaga kai in kalli wanda zan kara da shi sai na gama. Kafin in kai ƙulli na ƙarshe ɓarin hannun ya ragu, ba ya tafiya duka amma ya ragu yadda zan iya aiki da shi.

An taɓa kashe ni a turmin farko a garin da nake neman aure, gaban surukaina, kuma yaro ne sabon shiga ya buge ni, na faɗi ƙasa ta cika min baki. Na fi wata ban zauna a rumfar fawa ba, ƙanena nake turawa. Ni ma cewa na yi asiri ne, na sayar da tunkiya na kai wa masu magani, aka ba ni laya aka ba ni na wanka, tsoron yana nan inda yake. Ranar da na fara samun kaina ita ce ranar da maigidana ya shigo ɗakina bayan isha'i ya zauna a bakin tabarma ya fara lissafa min sau nawa aka kashe shi, yana kiran sunan kowane gari, mutumin da nake zaton bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Sannan bai mayar da ni babban fili kai tsaye ba, bayan gari ya fara kai ni da yaran gidansa ba makaɗi ba 'yan kallo, daga nan ƙaramin biki, sai da kaka ta zagayo na koma garin nan na sa zare.

Maganar mahaifinka kuma, ni uba ne bari in faɗa maka. Kar ka fassara shirunsa kai kaɗai a ɗaki. Sau da yawa uba in ya ga ɗansa ya ji kunya a bainar jama'a tashi yake ya bar wurin don kar su haɗa ido yaron ya ƙara jin nauyi, kuma bai tayar da maganar ba don yana ganin fama maka ciwo zai yi. Wata rana ka kai masa ruwan alwala ka zauna kusa da shi, ko ba ka ce komai ba.

Koci_Dambatta

Salam. Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wlh maganar ɗaurin zaren nan ita ce masana halayyar 'yan wasa ke koyarwa a manyan kulob na Turai, a ce ɗan wasa yana da 'yan abubuwan da yake yi iri ɗaya kullum kafin bugu don hankalinsa ya samu abin riƙewa.

Ƙanena ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Dambatta kuma ina riƙe da ƙungiyar yara 'yan ƙasa da 17. Bari in fara da waɗanda ka sani a gidan kallo. Roberto Baggio na Italiya shi ya fitar da mu Najeriya a kofin duniya na 1994 a Amurka, ya farke saura minti biyu a tashi ya ƙara mana da fenariti a ƙarin lokaci, kuma a lokacin shi ne gwarzon ɗan wasan duniya na 1993. Mutumin nan a fainal da Brazil ya ɗaga tasa ta haye turke, irin taka sak. A 2010 a Afirka ta Kudu Asamoah Gyan na Ghana ya samu fenariti a daƙiƙar ƙarshe bayan Suarez na Uruguay ya tare bal da hannu, da ta shiga da Ghana ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta daki ƙarfen sama. Abin da mutane ke mantawa, da aka zo raba gardama shi ya fara fitowa ya buga wa Ghana kuma ya ci. Yakubu Aiyegbeni a wasanmu da Koriya ta Kudu a gasar nan dai ya ɓarar da bal a bakin raga ba gola ba kowa, har gobe ana nuna ta, mintuna kaɗan aka ba mu fenariti shi ya ɗauka ya jefa ta raga aka tashi 2-2.

Ga abin da ya faru da kai ranar. Ƙafarka ta iya fenariti, ta buga shi ba adadi har ba ta buƙatar ka yi tunani, kamar yadda kake tuƙa babur ba ka lissafin giya. In tsoro ya zo sai mutum ya fara sa wa ƙafar ido yana ba ta umarni, hankali ya rabu, rabi na kan bal rabi na kan bencin da babanku yake zaune, a nan ake canja shawara a tsakiyar gudu. Kuskurenka guda ne, canja gefe, kuma ana gyara shi.

Ka zaɓi gefenka tun kafin ka bar gida, in ka zaɓa magana ta ƙare ko gola ya yi rawa ko ya nuna maka hannu. Ka ajiye bal da hannunka, taku nawa kake ja baya ka tsayar da su kullum iri ɗaya, in rafali ya busa kar ka ruga kamar ana korar ka, usur ɗin izini ne ba umarni ba, ja numfashi ɗaya ka sake shi a hankali sannan ka tafi, idonka a kan wurin da za ka daka a jikin bal. Kuma ka daina buga goma a jere ba kowa a fili, wannan ba ya koya maka komai game da fainal. Ni yarana a ƙarshen tirenin in sun gaji nake tara musu yaran unguwa a bayan raga su yi ta ihu suna kiran sunansu, kowa ya tako shi kaɗai daga tsakiyar fili, bugu ɗaya tak ba a sakewa, wanda ya zubar shi zai naɗe raga ya kai ofis. Satin farko rabinsu ke zubarwa, bayan wata guda sai ka ga ihun ya zama musu kamar kukan tsuntsaye. Tazarar mita 11 ce a Taura mita 11 ce a babban filin wasa na Wembley a Landan, abin da ke canjawa shi ne nauyin idanu, to shi za ka yi wa atisaye.

Ɓuyar da kake yi wa fasin kuma, kar ka shiga da niyyar sai ka ci ka wanke kanka, ya yi maka nauyi yanzu. A minti biyar na farko ka nemi bal da babbar murya sau uku, ka karɓa ka mayar wa na kusa da kai, shi ke nan aikinka. Jiki zai ɗumama.

Mu ma 'yan kallo muna da namu laifin gsky. Bayan Kwaddibuwa ta ci mu 2-1 a fainal ɗin kofin Afirka a Fabrairun 2024, zagin da aka yi wa Alex Iwobi a intanet sai da ya goge hotunansa na Instagram, har Ahmed Musa ya fito yana roƙon mutane su bari. In mai buga wa Fulham ya ji ciwon baki ina ga yaron da zai haɗu da masu tsokanarsa a rijiya da masallaci kullum.

Malamar_Asibiti

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ringim, ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce ni, amma ƙanena ina so in raba maka abu biyu da na ga sun cakuɗe a rubutunka.

Na farko faɗuwar gaba kafin wasa. Akwai sinadarin da ake kira adirenalin, daga saman ƙoda jiki ke sakinsa cikin jini in ya ga hatsari, shi ke sa zuciya gudu, ya janye jini daga ciki zuwa cinyoyi da damatsa, baki ya bushe, ciki ya murɗa a yi ta zagawa. Jiki bai san bambancin bijimin sa ya biyo ka a guje da jama'ar gari sun zuba maka ido ba, shiri ɗaya yake yi. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida ko fiye, fitarwar mai tsawo ita ke rage gudun zuciya, ka riƙa yi kullum bayan sallah don ranar wasa ya zo maka da sauƙi. Lemon ƙara kuzarin nan ƙara wa zuciya gudu yake da hana barci, wato abin da kake gudu shi za ka saya da kuɗinka. Tramol kuma maganin ciwo ne mai kama jiki, guda ɗayan yau ba za ta ishe ka bayan wata biyu ba, kuma yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, an sha kawo mana samari ranga-ranga daga gona. Hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Na biyu shi ya fi damuna. Rashin barci, rashin cin abinci, rama, guje wa majalisa, faɗa da ƙanwarka, wata biyar, wannan ya fita daga fili ya biyo ka gida. Mu a wajenmu in irin haka ta wuce sati biyu kusan kullum cewa muke a zo a duba. Maza ba sa zuwa su ce mana suna cikin damuwa, ciwon kai suke kawowa ko su ce olsa ce ko taifod, a yi gwaji ba a ga komai ba, sai in ka zauna da mutum ka ja shi da hira sannan ka ga hawaye. Andres Iniesta da bakinsa ya ba da labarin ciwon damuwar da ya shiga a 2009 bayan rasuwar abokinsa Dani Jarque, ya nemi taimakon masana, shekara na zagayowa shi ya ci wa Sifaniya ƙwallon da ta ba ta kofin duniya. A 2009 ɗin dai golan Jamus Robert Enke ya ɓoye nasa ciwon don tsoron abin da za a ce, har ya rasa ransa yana da shekara 32. Don Allah ka fara da asibitin da ya fi kusa da kai ka faɗi komai yadda ka rubuta a nan, in sun ga da buƙata za su tura ka gaba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, akwai na Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa wata rana tunanin gara mutuwa ya zo maka, a ranar za ka gaya wa wani, kar ka kwana da shi.

Malam Abu azkar kam a riƙe hannu biyu, ina tare da kai. Amma maganar cijewa, Annabi Musa ya ji tsoro a ransa ranar da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu, Manzon Allah SAW ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. A haɗa addu'a da asibiti yadda muke yi wa maleriya.

Lamba9_Taura

Salam, na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, ku yi haƙuri kwana goma ban leƙo ba muna casar gero ne. Na karanta amsoshin nan ya fi sau biyar musamman ta Baba.

Tramol ɗin da abokina ya ba ni dama yana aljihun jesina, na jefa shi a masai. Ran Laraba bayan tirenin na rage hanya da golanmu, ya girme ni da shekara huɗu, ban san yadda aka yi ba na gaya masa komai har ƙaryar idon sawu. Ya tsaya a bakin hanya riƙe da kekensa ya ce shi tun ranar fainal ɗin nan yake ganin shi ya kayar da mu don ko ɗaya bai tare ba a raba gardama, kuma duk ranar wasa amai yake yi a bayan ajujuwa kafin a fara, shekara uku muna tare ban sani ba. Mun yi alkawari kullum bayan tirenin bugu ɗaya tak, yara suna ihu, kamar yadda Koci ya ce. Kwana huɗu mun yi, na ci biyu ya tare ɗaya, ɗaya ta fita gefe, ƙafata tana rawa har yanzu amma ban canja gefe ba ko sau ɗaya.

Baba na kai wa babanmu buta ran Juma'a da magariba na zauna, bai yi maganar bal ba ni ma ban yi ba, sai da zai miƙe ya ce wai takalmin ƙwallona da ya yage in kai wa mai gyara zai biya. Barcin ne dai har yanzu bai daidaita ba, Anti ran Litinin zan ari babur ɗin yayana in je asibiti, na ce masa ya raka ni ya ce to. Asabar mai zuwa muna da wasan sada zumunta da garin da suka cinye mu, koci ya tambaye ni idon sawun ya warke, na ce masa dama ba shi ba ne, zan yi masa bayani bayan tirenin gobe.